Tara Maimakon Sha Biyu

Da tari ta shigo Magazin ran Talata,
jar mota mai ƙofa biyu, cikinta na lasar ƙasa.
Ta girmi Labaran, yaron shagona, da shekara goma sha.
Agya Boakye ya fito daga cikinta a hankali,
hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a kan rufi.
Ya ce, "Masta, a miƙaƙƙen titi barewa ce,
amma ta hango hawan Mampong,
sai ta tuna shekarunta."

Ya miƙo mini baƙar leda.
Famfon mai guda biyu a ciki, duk an yanke musu hukunci,
ɗaya a Tafo, ɗaya nan bayan masu walda.
Na uku ne a motar, kuma shi ma ana hararsa.

Ban ɗauki sufana ba tukuna.
Baba Sumaila da ya koya mini aikin nan
yakan ja kunnena har ya yi zafi:
wannan shi ne makullinka na farko.

Na sa Labaran ya murɗa makulli kada ya tayar.
Na kwanta a ƙasa, baƙin mai na jiƙa mini ƙeya,
masu buga bodi na ta gwam-gwam,
mai koko na kira,
na tace duk wannan na jira.
Ga ta: ziii,
kamar sauro ɗaya a ɗakin da aka yi feshi.
Yana da rai. Amma muryar ta mai yunwa ce.

Muka ɗaura geji a tiyo.
Tana tsaye, allura ta miƙe kamar mai gaskiya.
Aka taka totur, ta sunkuya,
aka ƙara, ta durƙusa.
Na cire matata na hura, iska ta wuce sumul.
Fulogi fari fat, ba ɗigon zunubi,
irin farin da ke cewa ba a ba ni na ƙoshi ba.
Labaran ya ce tanki ne, tsatsa.
Muka haska. Ba shi ba ne.

La'asar ta yi, hadari ya taso daga wajen Kejetia.
Na yi salla, raina na ƙarƙashin mota, Allah ya yafe.
Ina sallamewa na ɗauko mita.
A kan batir, sha biyu da ɗoriya.
A bakin famfo, tara.
Uku sun ɓata a hanya,
kuma ba wanda ya tambayi hanyar.

Na bi waya kamar mai bin sawun akuya,
ta ƙarƙashin kujera, ta bayan taya,
har cikin but, inda roba ta tsufa
ruwan Kumasi ke shiga yana kwana.
Nan na same ta: wayar at,
noti ɗaya, ya yi kore kamar bakin rijiya,
zare uku kacal ke riƙe da ita.
Shekara biyu an bar jaki ana dukan taiki.

Sanfefa. Sabon kai. Ɗan giris.
Ziii ta koma zuuu.

Da na faɗi kuɗin, tsohon ya ɓata rai,
kamar na raina ciwon da ya daɗe yana jinya.
Ya karɓi ledarsa, ya leƙa famfunan nan biyu,
ya ce musu wani abu da Turanci, ƙasa-ƙasa.

Bayan isha wayata ta yi ƙara.
Bai yi sallama ba.
Iska kawai nake ji, da kukan injin yana hawa,
giya ta uku, bai nemi ta biyu ba,
sai dariyar tsoho a bayansa.

Ni kuwa ina tsakiyar matakalar gidanmu a Aboabo,
na dafa bango ina mai da numfashi,
hannuna na warin fetur,
ban kashe wayar ba.